Ƙahon rago a kan hanyar Kurfai



Yau zancen keke za mu yi. Kada wani ya ce ai wannan zancen yara ne. Iyayenmu sun hau Raleigh, wanda har a Kano aka kafa masana'antar haɗa shi. Sun hau Phoenix na ƙasar Sin. A wancan zamani mai keke a ƙauye mutum ne da ake nunawa. Daga baya babur ya yi araha, aka jingine keke a bayan rumbu, kaji suna kwana a kanshi. Sai ga shekarar 2020. Saboda rashin tsaro, hukuma ta hana hawan babur a sassa da yawa na jihar Tilaberi. Mai zuwa kasuwa, da mai kai marar lafiya likita, da malamin lakwal, duk aka koma ga jaki da amalanke da keke. Wanda yake da tsoho ya kakkaɓe mashi ƙura. Wanda ba shi da shi ya shiga nema.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Da rani, in an gama zuba hatsi a rumbu, nakan zagaya azuzuwan manya a ƙauyukan da ke kewaye da Shikal. Wani lokaci kuma aiki ya kai ni Filinge. A wannan shekara ce na sayi keke a Yamai, wurin masu sayar da na gwanjo, irin waɗanda Turawa suka hau suka gaji, aka loda a jirgin ruwa aka kawo mana. Tsohon Peugeot ne na ƙasar Faransa, marar nauyi, mai giya. Nan kuɗina suka kai ni, kuma har yau ban ga laifin ƙarfenshi ba. Sai dai ƙahonshi, wato abin riƙewa da masu gyara ke kira gidon, irin na rago ne. Ya miƙe gaba, sa'an nan ya lanƙwaso ƙasa.

Don me aka yi shi haka? Don tsere. Tun 1903 Faransawa suke tseren keke na zagaya ƙasarsu. Maƙwabtanmu na Burkina Faso ma sun fara nasu a 1987. Mai tsere babban abokin gabanshi iska ce. Shi ya sa yake duƙawa, ya sa kai ƙasa, ya tsaga ta. Yana kan kwalta mai santsi, ba ya ɗauke da kaya, ba ya gaida kowa. An auna wannan keke da jikin wani mutum da hanyar wata ƙasa.

To, mu fa? Tamu hanyar kun san ta. Cikin dallol yashi ne mai riƙe ƙafa. In ka hau tudu, sai fako da tsakuwa mai girgiza haƙora. Ga tsidau, ga ƙayar aduwa, ga rami inda amalanke ya bi da damina. Mai hawa a nan yana so ya ga nesa. A wannan zamani ma ya fi kowa son ya hango wanda ke tafe kafin su haɗu. Ga kuma gaisuwa. Mutum ya wuce dattawa a gindin gawo, kai a ƙasa kamar mai neman allura, ai kafin ya isa aji labarinshi ya riga shi.

Amma abin da ya fi tsananta mani hannu ne. In ka duƙa, nauyin ƙirjinka da kafaɗunka duk a tafin hannu yake sauka. Akwai wata jijiya da ta bi ta gefen tafin hannu, wajen ƙaramin yatsa. In an danne ta awa ɗaya ko biyu, ga girgizar tsakuwa, sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu. Ka ji kamar kiyashi na yawo a ciki. Ni kuwa da alli nake cin abinci. Nakan isa aji, in tsaya gaban allo, hannu ya ƙi yi mani biyayya. Harafin da nake so ɗalibai su kwaikwaya ya fito a karkace kamar sawun ƙadangare. Su ko abin da suka gani shi suke rubutawa. Wata tsohuwa a ajin mata ta dube ni ta ce: "Ɗana, yau kai ma sabon shiga ne?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Bari in ɗan ratse a nan. Mutuwar yatsu ta keke tana wucewa in an huta. In ta ƙi wucewa, ko kuwa ba ka hawa keke amma yatsu suna mutuwa, ko akwai wani fili a fata da ba ka jin taɓi, to wannan ba aikin mai gyaran keke ba ne. Je ka likita. Kuturta ma takan kama wannan jijiya, kuma maganinta kyauta ne, tana warkewa in an kama ta da wuri.

Akwai matsala ta biyu. Abin sauya giya a irin wannan keke ba a ƙaho yake ba. Ƴan ƙarafa ne biyu, can ƙasa a jikin keke, kusa da gwiwa. Kafin ka sauya giya sai ka saki hannu ɗaya ka laluba ƙasa. A kwalta ba komi. Amma a nan, yaushe kake bukatar giya mai sauƙi? Daidai lokacin da ƙafar gaba ta shiga yashi tana rawa, lokacin da hannu biyu ma da ƙyar suke riƙe kan. Ga littattafai da fitila a baya.

Sai na kai shi wurin wani dattijo mai gyara a Filinge. Na ce: "Baba, so nake a sa mani ƙahon Phoenix, in zauna daidai kamar yadda mahaifina yake zama."

Ya zagaya keken, ya ce: "Malam, ba ya yi hwa. Wancan birkin sanda anka yi mai, naka na waya ne."

Gaskiyarshi. Ku duba tsohon Raleigh ko Phoenix. Hannun birkinshi a manne yake da ƙaho, kuma sandunan ƙarfe ne suke sauka su ja takalmin birki. Ba su da hulɗa da waya. Abin da ake nema shi ne ƙaho mai irin wannan siffa, wanda ya ɗago sama ya juyo baya wajen mahayi kamar na saniya, amma tsirara, wanda za a ɗaura mashi hannun birki na waya. Akwai kuma wanda yake miƙe sak kamar sanda, na kekunan hawan dutse. Ya fi na rago, amma shi ma yana sa a duƙa, kuma yana murɗa wuyan hannu. A ganina na saniya ya fi dacewa da mai tafiya mai nisa da kaya. In ka saki hannuwanka a gefenka ka ɗago su gaba, yadda suka tsaya da kansu, haka na saniya yake karɓar su.

Yanzu ga inda karatu ya shigo. Ƙaho da ƙaho a ido duk ɗaya ne. A awo ba ɗaya ba ne. Bambancin bai kai kaurin ƙwayar gero ba, amma shi ne yake sa ka sayi abu ka kai gida ya ƙi shiga, mai kanti kuma ya ce kuɗi sun riga sun kwana.

Ba sai kana da ma'aunin makanikai ba. Ka yanki siririyar takarda daga bayan littafinka. Ka naɗa ta sau ɗaya a jikin ƙarfen, ta kama sosai. Ka ɗiga alama da fensir inda bakin ya haɗu. Ka warware, ka shimfiɗa a kan rular yaron lakwal ko awon tela. Ƙananan layukan nan su ne milimita, 10 daga cikinsu santimita 1 ke nan.

Wuri biyu ake aunawa. Na farko inda hannu ke riƙewa. A ƙahon saniya da na sanda, takarda za ta nuna milimita 70. A na rago za ta nuna kusan 75. Shi ya sa hannun birkin na rago ba ya zama a na saniya, dole a sake. Na biyu tsakiyar ƙaho, inda wuyan keke ya cije shi. Yawancin ƙahonin da ke kasuwanninmu za su nuna 80. Su ne ake buga wa lamba 25.4 a jiki, wato faɗin bututun ke nan. Wasu na tsere sun ɗara haka kaɗan, 82. Na zamani masu kumburarren ciki suna kai 100, lambarsu 31.8. In ƙaho da wuya ba su yi awo ɗaya ba, kada a matsa da ƙarfi, kada kuma a cusa tsumma ko roba. Ƙahon da ya juya a hannunka kana gangara daga tudu, Allah ya kiyaye. Gara a sayi ƙaho da wuyanshi tare.

Haka muka yi. Sai kuma Faransawa suka nuna mana halinsu. Wuyan da ake samu ko'ina faɗinshi 22.2 ne. Tsofaffin kekunan Faransa ramin da wuya ke shiga 22 ne cif. Sabon wuyan ya ƙi shiga. Dattijo bai ɗauki guduma ba. Ya miƙa wa yaronshi takardar goge ƙarfe, yaro ya zauna yana gogar wuyan yana juya shi, ana gwadawa, har ya shiga da daɗi. Aikin ya ci mana tsakanin azahar da la'asar.

A jikin kowane wuya akwai wani layi da aka zana, da ɗan rubutun Turanci kusa da shi. Ko ba ka iya karanta shi ba, ka san ma'anarshi: nan ne iyaka. Dole layin ya shige ciki, kada ido ya gan shi. Na sha ganin samari sun zaro wuya sama don su zauna daidai, layin yana waje da yatsa biyu. Wannan wuya yana iya karyewa, ko ya fasa bututun da yake ciki. In tsawo kake so, nemi wuya mai tsawo.

Wajen kwance tsohon wuya, notin da ke samanshi ake sassautawa kaɗan, ba a cire shi duka. Wani da sifana ake kwance shi, wani da ɗan makulli mai kama da harafin L, mai lamba 6. In ya ɗago, a ɗora katako a kanshi a ɗan buga. Ƙarfen da ya cije a ciki zai saki.

Zancen waya shi ne mai tsawo, kuma nan ne yawancin gyara ke lalacewa. Da ƙaho ya ɗago ya matso kusa da kai, duk tsofaffin wayoyi sun gajarce. Sabbi za a saya. Waya iri biyu ce. Ta birki ta fi kauri, wajen milimita 1 da rabi. Ta giya ta fi siranta. Kan kowace ma daban ne. Har a cikin na birki, kan wayar ƙahon rago daban da na ƙahon saniya. Ka tafi kanti da hannun birkinka a aljihu ka gwada.

Kowace waya tana da kube, kamar wuƙa. Shi ma iri biyu ne. Leƙa bakinshi inda aka yanka. Kuben birki ƙarfe ne da aka naɗa yana zagayawa kamar gammo. Kuben giya na zamani kuwa ƴan siraran wayoyi ne a jere, a tsaye, roba ce kawai ta riƙe su. Wannan na biyu kada ka yarda a sa maka shi a birki, ko da kyauta ne. Ranar da ka matsa birki da ƙarfi yana iya tsagewa, hannun birki ya taɓa ƙaho, keke bai tsaya ba.

Abin sauya giya muka ɗauke shi daga ƙasa muka kawo shi kan ƙaho, inda babban yatsa zai tura shi hannu yana riƙe. Na dama na giyar baya, na hagu na ta gaba. A inda tsofaffin suke, aka ɗaura wani ɗan ƙarfe mai rami biyu da kube zai tsaya a ciki. Daga nan waya ta fito tsirara, ta bi jikin keke, ta ratsa ƙarƙashin feda, ta nufi baya.

Su ma abin sauyawar iri biyu ne. Akwai mai ƙas-ƙas, mai lambobi 1 zuwa 6 ko 7 ko 8. Kamfanin Shimano na ƙasar Japan ne ya yaɗa shi tun daga 1984. Kowane ƙas giya ɗaya. Yana da daɗi in sabo ne. Amma sai lambobinshi sun yi daidai da yawan fayafayan haƙori da ke ƙafar baya, ka ƙirga su kafin ka saya. Kuma ƙura kaɗan ko waya ta ɗan saki, sai ya rikice. Akwai kuma marar ƙas, wanda kake turawa a hankali har ka ji sarƙa ta hau ta yi shiru. Wannan ba ya zaɓen keke, ba ya fushi da hazo. Shi na zaɓa. A ƙasar da mai gyara yake nesa da kai tafiyar wuni, abin da ba ya da tsirfa shi ne naka.

Tsawon kube fa? Dattijo bai auna da rula ba. Ya sa bakin kube a abin sauyawa, ya riƙe ɗaya gefen a inda zai tsaya. Ya ce: "Malam, juya kan har ƙarshe." Na juya dama har ƙarshe, na juya hagu har ƙarshe. Inda kube ya kai ba tare da ya ja ba, nan ya yanka. In ya gajarce, duk lokacin da ka karya kwana giya za ta sauya da kanta, in na birki ne keke ya cije ba ka ce mashi ba. In ya yi tsawo da yawa, yana lilo a gaba, reshen ƙaya ya kama shi, ko kayan da ka rataya su danne shi. Kuma kowane lanƙwasa yana ƙara wa waya nauyin ja. Abin da ake so ya tafi a gantsare kamar baka, kada ya karye kamar gwiwar hannu. Haka ma ɗan guntun kuben da ke can baya, wanda ya shiga ƙarfen da ke tura sarƙa.

In an yanka kube bakinshi yakan murƙushe. A buɗe shi da basilla, a goge ya yi daidai, a sa mashi ƴar hular ƙarfe. Waya kuma a shafa mata mai kaɗan, irin na keken ɗinki, a share. Kada a cika ta da giris. Giris da yashinmu in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, su cinye waya daga ciki.

Wajen ɗaure wayar giyar baya, a fara sa sarƙa a ƙaramin faifai, a maida abin sauyawa inda waya ta fi saki. A ja ta da hannu ta miƙe, a ɗaure noti. Yanzu ku duba jikin ƙarfen da ke tura sarƙa. Akwai ƴan sukurori biyu, kusa da su haruffa biyu da kuka sani tun watan farko na aji: H da L. A wasu tsofaffi ba a rubuta ba, amma sukurorin suna nan. Na H yana hana sarƙa zarce ƙaramin faifai ta faɗa waje. Na L yana hana ta zarce babban faifai. Wannan na L ku kula da shi ƙwarai. In ya yi sake, sarƙa ta faɗa cikin wayoyin ƙafa, ƙafar ta cije nan take, asara ta kai ta sabuwar ƙafa ko ta fi. A ɗaga bayan keke, wani ya juya feda, a tura giya har ƙarshe sau da yawa a gani.

Ragowar waya a bar kamar tsawon yatsa, a yanke. A toshe bakinta da hula, ko mai gyaran rediyo ya ɗiga mata dalma. In an bar ta haka sai ta warware kamar tsintsiya, ta soki yatsa, ta kama wando ko zane.

Saura abu ɗaya da dattijo ya tambaye ni kafin ya ɗaura birki: wane hannu ne na gaba? A kekunan Ingila hannun dama ne birkin gaba. A na Faransa hannun dama na baya ne. Wanda ya saba da ɗaya ya hau ɗaya, ya cafki birkin gaba a cikin yashi, sai ya tsinci kanshi a ƙasa. Tun da wayoyi sabbi ne, ka sa a ɗaura yadda hannunka ya saba. In ka ba wani aro, ka gaya mashi.

Kada in ɓoye muku abin da aka rasa. Zama daidai yana tare iska. Da hunturu, in na nufi gabas ko arewa, iska tana dukan ƙirjina kamar mai turin ƙofa, tafiyar ta ƙara tsawo. Nauyin da ya bar hannu kuma kan sirdi ya koma. Siririn sirdin tsere bai ɗauke ni mako ɗaya ba, sai da na sa mai faɗi, mai ƙarfen lilo a ƙasa. Kuɗin gyaran duka ba kaɗan ba ne. Amma a yashi na samu riba da ban zata ba. Da nauyi ya koma baya, ƙafar gaba ta daina nutsewa kamar da. Inda nake sauka in tura, yanzu babban yatsa ya tura giya, in wuce a zaune. Wuya da baya sun huta. Yatsuna kuma suna isa aji da ransu.

Sabuwar waya takan saki a cikin kwanakin farko. Bayan mako biyu na koma Filinge aka ƙara ja. Tun daga nan ni nake yi da kaina. Ranar Juma'a nakan kifa keken, in share yashin da ya taru a ƙarƙashin feda inda waya ke bi, in duba ko wani sili ya tsinke kusa da noti. In sili ɗaya ya tsinke a wayar birki, ba na jiran na biyu.

A ajinmu na lissafi na kawo takardu da rula, muka fita waje inda ɗalibai ke jingine kekunansu. Kowa ya auna nashi ya rubuta a littafi. Mutum biyu suka yi gardama a kan 80 da 82, sai da aka sake naɗa takarda sau uku. Wani magidanci mai keken ƙahon sanda ya rubuta lambobinshi a guntun kwali, ya ba ƙanenshi mai zuwa kasuwar Balayara ran Lahadi. Ya ƙara rubuta a ƙasa: wayar birki 2, wayar giya 2, kube na birki daban. Saƙon ya dawo ran Litinin, ranar Talata muka ɗaura.